An gayyace ni duba daftarin IEEE 754, ta ina zan fara?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Shekara shida ke nan ina rubuta manhajojin lissafi na injiniyanci. Kwanan nan na samu damar shiga cikin masu duba daftarin gyaran IEEE 754 na ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE, ma'aunin da ya tsara yadda kwamfuta ke lissafi da lambobi masu ɗigo mai yawo. Da na buɗe takardar sai gabana ya faɗi. Ni ba farfesa ba ne, ban kuma taɓa ƙera furosesa ba. Me irina zai iya ƙarawa, kuma ta ina ake kama aikin?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Ka karɓi gayyatar, kada ka yi wata-wata. Kwamitin ba ya ƙarancin masana, akwai waɗanda suka tsufa a kan wannan fanni. Abin da kullum yake buƙata shi ne sabon ido. Wanda ya rubuta jimla ya san abin da yake nufi, don haka ko jimlar ta bar giɓi, zuciyarsa ce ke cike masa shi ba tare da ya lura ba. Kai kuwa abin da ke kan takarda kawai za ka gani, kuma a nan amfaninka yake. Aikinka shi ne ka nemo jimlar da injiniyoyi biyu masu gaskiya, ɗaya a wannan kamfani ɗaya a wancan, za su karanta, kowa ya bi ta sau da ƙafa, amma na'urorinsu su fitar da amsa daban. In ka samo irin wannan jimla ko guda ɗaya ce, zamanka a kwamitin ya biya.

Kafin ma'aunin ya fito a 1985 lamarin kamar mudu ne a kasuwanninmu: suna ɗaya, amma na wannan gari ya fi na wancan zurfi. Manyan injinan IBM suna lissafi a tsarin sha shida-sha shida, kamfanin DEC na da nasa tsarin a kan kwamfutocinsa na VAX, Cray da CDC kowa da nasa. Ka ɗauki shiri ɗaya ka gudanar a na'ura biyu, ka samu amsa biyu, kuma ba wanda za ka kama da laifi. A 1977 kwamitin IEEE ya fara zama. Daftarin da ya yi rinjaye shi ne na William Kahan na Jami'ar Kaliforniya a Berkeley, tare da Jerome Coonen da Harold Stone, kuma Intel ta gina furosesan lissafinta 8087 a kan wannan tunani tun 1980, shekara biyar kafin a sa wa takardar hannu.

Rigimar da ta fi cin lokaci a wancan zama ita ce ta ƙafewar lamba, kuma ina so ka fahimce ta sosai, domin duk gardamar da za ka tarar a kwamitin yau jikarta ce. Idan sakamako ya yi ƙanƙanta har ya kasa kai mafi ƙarancin cikakkiyar lamba, wato mai cikakken daidaito, wadda a tsarin bit 64 take wajen 2.2 × 10^-308, me za a yi da shi? Hanya mai sauƙi ita ce a mai da shi sifili a wuce, yadda VAX ke yi. Kahan ya ce a'a, a bar shi ya ƙafe sannu a hankali, yana rasa daidaito bit bayan bit har ya kai sifili. Dalilinsa guda ne mai ƙarfi. In ana zubar da ƙananan lambobi, za ka iya samun x da y da ba daidai suke ba, amma x − y ya ba ka sifili. Mai rubuta shiri ya duba ya ga x ba y ba ne, hankalinsa ya kwanta, ya raba wani abu da x − y, sai ga shi ya raba da sifili. Da ƙafewa sannu-sannu hakan ba ya faruwa. DEC ta ƙi, saboda gina wannan a cikin na'ura na da tsada kuma yana rage gudu. Har ta ɗauko masani, G. W. Stewart na Jami'ar Maryland, ya bincika mata, shi kuma a 1981 ya dawo ya ce hanyar Kahan ce daidai. Ka lura, ɓangarorin biyu kowa na da hujja: ɗaya yana kare mai rubuta shiri wanda bai san tarkon ba, ɗaya yana kare kuɗi da gudun na'ura. Haka za ka ga ana ja har gobe.

Abu na biyu da za ka riƙe shi ne, a wannan fanni magana zarar bunu ce. Da zarar jimla ta shiga ma'auni, za a zuba ta cikin silikon, a sayar da na'urori biliyoyi, kuma ba mai iya kiran su su dawo. A 1994 da Thomas Nicely ya gano kuskuren rabawa a furosesan Pentium, sauya na'urorin ya ci wa Intel dala miliyan 475. Wannan kuskuren ƙira ne, ba na ma'auni ba, amma ya nuna maka farashin taɓa lissafin da ya riga ya shiga kasuwa. Shi ya sa za ka ga kwamitin yana jan ƙafa a kan shawarar da kai kake gani a fili take. Ba taurin kai ba ne.

Saboda haka kafin ka karanta sashe na ɗaya, nemi takardar izinin aikin, wadda suke kira PAR, ka ga iyakar da aka shata wa wannan zagaye. Dokar IEEE ita ce ma'auni ba ya wuce shekara goma ba a sake duba shi ba, amma ba kowane dubawa ne ke buɗe ƙofa duka ba. Gyaran da aka fara a 2000 ya fito a 2008 a ƙarƙashin Dan Zuras, da Mike Cowlishaw a matsayin edita, babba ne ƙwarai: ya haɗe 754 da ɗan'uwansa 854 na 1987, ya shigo da lissafin goma-goma, da tsarin bit 16 da na bit 128, da aikin ninkawa-da-tarawa a bugu ɗaya wanda ake kira FMA. Na 2019, wanda David Hough ya jagoranta, ƙaramin gyara ne da gangan: a share kurakurai, a fayyace abin da ya shige duhu, kada a ɗora wa masu ƙira sabon wajibi. Wanda ya kawo kyakkyawar shawara ta sabon tsarin lamba a irin wannan zagaye, za a gode masa a ce ba hurumin aikin ba ne. Sababbin shiga da yawa a nan gwiwarsu ke sanyi, alhali da sun karanta shafi ɗaya tun farko da sun huta.

Sai ka zauna da alƙalami kala uku. Takardar da Turanci take, kuma kalmomi uku ne ke ɗauke da nauyinta. Inda aka ce “shall” wajibi ne, wanda ya saɓa bai bi ma'auni ba. Inda aka ce “should” mustahabbi ne. Inda aka ce “may” an halatta, an bar wa mai ƙira zaɓi. Ka ja layi a ƙarƙashin kowace da kalarta. A kan kowane wajibi ka tambayi kanka: zan iya rubuta gwajin da zai kama wanda ya saɓa? In ba za ka iya ba, jimlar na da rauni. A kan kowane zaɓi kuma ka tambaya: mai amfani zai iya ganin bambancin daga waje?

Ga misali da ke nan tun 1985. Ana iya tantance cewa sakamako ya ƙafe kafin a kusantar da shi zuwa lambar da na'ura ke iya riƙewa, ana kuma iya tantancewa bayan an kusantar. A lissafin biyu-biyu ma'aunin ya yarda da duka. Furosesa na x86 da RISC-V suna dubawa bayan kusantarwa, na Arm a al'adarsa yana dubawa kafin. Ka samu sakamakon da ya gaza iyakar da ƙiris amma kusantarwa ta ɗaga shi ya taɓa ta: lambar da za ta fito iri ɗaya ce, amma wata na'ura za ta ɗaga tutar ƙafewa, wato alamar da ke sanar da shiri cewa an ƙafe, wata ba za ta ɗaga ba, kuma dukansu suna kan doka. An san da wannan, ba za ka zama farkon wanda ya gano shi ba. Na kawo shi ne don ka san kamannin abin da kake farauta.

Yadda nake yi ni, ba na karanta aiki ba tare da jadawali a gefe ba. Nakan rubuta baƙin lambobin nan a jere: +0, −0, mafi ƙanƙantar lamba mai ƙafewa, mafi ƙarancin cikakkiya, 1, mafi girma, +∞, −∞, sai NaN iri biyu. NaN alama ce ta “wannan ba lamba ba ce”, irin abin da 0/0 ke haifarwa. Akwai mai shiru, wadda ke bin lissafi ta wuce ba hayaniya, akwai mai ƙararrawa, wadda da an taɓa ta take ɗaga tutar aiki mara inganci ta rikiɗe ta zama mai shiru. Kowane aiki sai na bi shi gida-gida, in cike amsar daga rubutun kaɗai, ba daga abin da na san kwamfutata na yi ba. Wannan sharaɗin shi ne mai wuya. Hannunka zai so ya rubuta abin da ka saba gani, sai ka tsare shi ka ce: a wane layi aka faɗi haka? Duk gidan da ka kasa cikewa, ko ka ga amsa biyu na iya shiga, ka samu abin rubutawa.

Kada ka tsaya a lamba biyu, ka gwada uku. Ga dalilin. A 2008 an shigo da minNum da maxNum, masu zaɓo ƙarama ko babba tsakanin lambobi biyu. Niyyar mai kyau ce: in ɗaya NaN ce mai shiru, a ɗauke ta kamar bayanin da ya ɓace, a ba da ɗayar. In kuwa mai ƙararrawa ce, a bi dokar kowa, a ɗaga tuta a fitar da NaN mai shiru. Kowace doka ita kaɗai ba ta da aibi. To ɗauki 1, da NaN mai ƙararrawa, da 2, ka nemi mafi ƙanƙanta. Fara ta hagu: 1 da mai ƙararrawa sun ba ka NaN mai shiru, ita kuma da 2 sun ba ka 2. Fara ta dama: mai ƙararrawa da 2 sun ba ka NaN mai shiru, 1 da ita sun ba ka 1. Jeri ɗaya, amsa biyu, ya danganta da inda ka fara. Ga wanda ke raba babban jeri tsakanin injina da yawa su yi aiki lokaci guda, wannan masifa ce, domin ba shi ke zaɓar wanda zai riga gamawa ba. Wannan ya wuce ta gaban ƙwararru a shekarun da aka kwashe ana tsara gyaran 2008. A 2019 sai da aka cire ayyukan, aka kawo minimum da maximum masu yaɗa NaN, da minimumNumber da maximumNumber masu fifita lamba ko wace irin NaN ce, aka kuma fayyace cewa −0 na ƙasa da +0 a wajensu. Amma kafin nan an riga an gina tsohuwar dokar a cikin na'urori, Arm na da umarninta, kuma suna nan a hannun mutane. Lambobi uku a bayan ambulan sun isa su kama wannan. Ba ya buƙatar digirin digirgir.

Akwai kuma wurin da ka fi yawancin mutanen ɗakin sani, wato tsakanin ma'auni da harshen shiri. Na taɓa kwashe kwana uku ina bin wani shiri da muka ɗauke daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa. Wani adadi da lissafi ya tabbatar ba zai sauka ƙasa da sifili ba, irin a·b − c·d inda ɓangarorin biyu suka zo daidai, sai ga shi ya fito ɗan mitsitsi da alamar ragi, tushen murabba'insa ya zama NaN, NaN ɗin ta bi jadawali duka ta ɓata shi. Na'urar ba ta yi kuskure ba. Kompaila, mai fassara shiri zuwa umarnin na'ura, ita ce ta ga sabuwar na'ura na da FMA, ta haɗe ninkawa ɗaya da ragin a bugu ɗaya ba tare da kusantarwa a tsakiya ba, ɗaya ninkawar kuma an kusantar da ita. Abin da ya rage shi ne kuskuren kusantarwar, kuma ranar ya faɗo ta ɓangaren ragi. Kowane aiki ya bi doka, shirin ya karye. Sashe na 10, kan yadda ake kimanta jimlar lissafi, da na 11, kan samun sakamako iri ɗaya a ko'ina, su ne ke magana a kan irin wannan, kuma a ganina su ne mafi laushi a takardar, cike da mustahabbi da aka miƙa wa masu tsara harsuna. Mai ƙera furosesa ba ya kwana da wannan ciwo. Kai kake kwana da shi, don haka ka karanta sassan nan biyu da shirye-shiryenka a buɗe a gabanka.

Yanzu rubuta tsokacin. Kowane tsokaci magana ɗaya. Ka faɗi sashe, shafi da layi. Ka nuna ko na fasaha ne ko na gyaran rubutu, kada ka cakuɗa, domin waƙafi da ya ɓace edita zai gyara shi cikin minti ɗaya, na fasaha kuwa sai an zauna a kansa. Ka kawo misali da ainihin lambobi, in da hali a rubutun sha shida-sha shida yadda ba wanda zai yi gardamar wace lamba kake nufi. Sannan, kuma wannan ne mutane ke tsallakewa, ka rubuta jimlar da kake so a sa a madadin ta yanzu, kalma da kalma. “Wannan sashe bai fito fili ba” ba ya kai ko'ina. “Layi kaza ya yarda da amsa biyu ga wannan shigarwa, ga su, ina ba da shawarar a sauya shi da kaza” dole a amsa shi. Kafin ka aika, gwada misalin da manhajojin SoftFloat da TestFloat na John Hauser, ka kuma lissafa ainihin amsar da MPFR, laburaren lissafi mai zurfin daidaito, don kada ka kai ƙarar ma'auni a kan laifin laburaren kwamfutarka.

Ka bambance zama a kwamitin aiki da shiga ƙuri'ar ƙarshe, rajistarsu daban ce, kuma in aka rufe jerin masu ƙuri'a ba ka ciki, ka makara. A ƙuri'ar ana buƙatar kashi 75 cikin ɗari na waɗanda suka yi rajista su mayar da amsa, kuma kashi 75 na masu eh ko a'a su ce eh. Don haka wanda ya sa sunansa ya ɓace ya cuci aikin. Kowane tsokaci sai an ba shi amsa a rubuce: an karɓa, an karɓa da gyara, ko an ƙi da dalili. In ka ce a'a, ka ɗaura ta a kan takamaiman gyaran da in an yi za ka koma eh. Za a sake zagayawa da ƙorafinka kowa ya gani, amma a zagaye na biyu abin da aka taɓa kawai ake buɗewa, saboda haka ka zazzage duk abin da ke jakarka tun zagayen farko. Ka adana a'arka don abin da zai sa na'urori su saɓa wa juna. Wanda ke cewa a'a a kan salon jimla, ranar da ya zo da babbar magana an riga an gaji da shi.

Za ka ga sulhun da ba zai yi maka daɗi ba. Lissafin goma-goma ya shigo ne don buƙata ta gaske: 0.1 ba ta da cikakken wakili a tsarin biyu-biyu, ka tara ta sau goma a bit 64 ka samu 0.9999999999999999, kuma 1.005 a ciki take 1.00499999999999989, ka kusantar da ita zuwa gida biyu ta ba ka 1.00, kobo ɗaya ya salwanta. Duk mai lissafin albashi ko haraji ya san wannan ciwon. Amma da aka zo yadda za a jera bit ɗin, IBM na da hanyarta, DPD, wadda ta dace da na'ura, Intel na da tata, BID, wadda ta dace da manhaja, aka kasa daidaitawa, aka sa duka biyun. Ni har yau ina ganin an yi asara a nan, domin fayil ɗin wannan ba ya karantuwa a wancan sai da juyawa. Amma da an dage a kan ɗaya, wataƙila da ba a samu ko ɗaya ba, kuma aƙalla ƙimar lambobin da sakamakon lissafin iri ɗaya ne ko ta wace hanya aka jera su.

Tunda na 2019 ne ke aiki yanzu, wa'adinsa 2029, kuma magana biyu na tabbata za ka ji. Ta farko, ƙananan tsare-tsare na koyon na'ura. bfloat16 da ta fito daga Google ba ta cikin 754, haka na bit 8 irin E4M3, wadda ta yar da ∞ gaba ɗaya don ta kai 448. Waɗannan akwai kwamiti daban a kansu, P3109, kada ka ɓata harsashinka a nan. Ta biyu ita ce wadda ta dame ni. Tarawa, ragi, ninkawa, rabawa, tushen murabba'i da FMA wajibi ne su ba da lambar da ta fi kusa da amsar gaskiya. Amma su sin, exp da log suna sashe na 9, na ayyukan da aka so a samar ba a tilasta ba, shi ya sa laburare biyu ke iya saɓawa a bit na ƙarshe. A da akwai uzuri: ba a san zurfin lissafin da ake buƙata ba kafin a tabbatar ta wane gefe amsa za ta faɗa, matsalar da Kahan ya laƙaba wa suna tsaka-mai-wuyar mai tsara jadawali. Vincent Lefèvre da Jean-Michel Muller a Faransa sun yi shekaru suna zaƙulo mafi munin shigarwa a bit 64, aikin CORE-MATH na su Paul Zimmermann kuma ya nuna ana iya samun cikakkiyar amsa ba tare da gudu ya faɗi ƙasa warwas ba. A bit 32 ma shigarwar duka ba ta wuce biliyan 4.3 ba, kana iya gwada kowace ɗaya a kwamfutarka. Ra'ayina uzurin ya ƙare, aƙalla ga ayyuka masu shigarwa ɗaya. Masu laburaren da suka gina sunansu a kan gudu za su ja, kuma ka saurare su da kyau, domin su ne za su ɗauki nauyin aiwatarwa. In za ka shiga wannan magana, ka shiga da awon da ka yi da hannunka a kan shirinka.

A makon nan ka bar gabatarwa da ma'anonin kalmomi tukuna. Buɗe sashe na 6, na ∞ da NaN da alamar sifili, da na 7, na tutoci biyar da ake ɗagawa in lissafi ya gamu da matsala. Zana jadawalin, ka ɗauki FMA kaɗai, ka fara da gidan 0 × ∞ + NaN mai shiru, ka ga ko rubutun ya gaya maka tuta za ta tashi ko ya bar wa mai ƙira. Daftarin kansa kada ka turo mini, ba a yarda a raba shi a waje ba. Turo mini jadawalin da gidajen da suka ƙi cikuwa, mu duba tare kafin ka rubuta tsokacinka na farko.